Kwalta sabuwa, lambatu a toshe

Wallahi abin yana ci wa mutum rai. Duk lokacin da zaɓe ya matso, sai majalisar gari ta shimfiɗa kwalta a titin bakin teku, a yanke kyalle, a bar lambatu yadda yake. Ruwan sama na farko, titi ya zama tafki.

Garin gaɓar teku ba irin sauran garuruwa ba ne. A yawancin gaɓoɓi teku tana cikowa sau 2 a yini, kuma idan bakin magudana yana ƙasa da inda ruwan ke kaiwa, ruwan gishiri ne zai biyo bututu ya ɓullo a tsakiyar unguwa. Maganinsa sananne ne: murfi a bakin bututun, wanda ke buɗewa waje kaɗai, da ma'aikatan da za su riƙa kwashe yashin da igiyar ruwa ke tarawa a bakinsa. Ba a ware wa wannan ko sisi, don ba aikin da ake ɗaukar hotonsa ba ne.

Ga kuma aikin ɗan kwangila. Magudana daga gangare, inda ruwa ke fita, ake fara gina ta a hauro sama, shi kuwa sai ya fara daga ƙofar gidan kansila. Rodi a irin wannan iska mai gishiri yana son kaurin kankare kamar milimita 50 a kansa. A yi masa 20, tsatsa ta kumbura shi, kwalbati ya tsattsage.

Fadamar da ke shanye ambaliya ma an cike ta da ƙasa, an yanka filaye an raba wa 'yan jam'iyya. To ina ruwan zai bi, in ba ɗakunan talakawa ba?