Ƙashin da Kawu ke jefawa a kwandon shara

Ranar Asabar bayan sallar asuba na bi Kawu wurin sana'arsa. Ya fi shekara 30 yana gyaran kifi a nan Jidda, wuƙarsa har ta sirance saboda wasawa. Muna tsaye wani mutum ya dire masa leda a kan katako, a ciki akwai 'ya'yan girish guda huɗu, wato kifin nan da a gida ake ce wa shak. Tsawon kowanne bai wuce kamu ɗaya ba. Kawu ya kife ɗaya, ya nuna mini wani ɗan tabo a ƙirjinsa. Ya ce, "Ka ga cibiyarsa, ɗana? Ko warkewa ba ta yi ba. Wannan bai daɗe da zuwa duniya ba." Ya fere naman, ya zare ƙashin bayan, ya wurga a kwando.

Na sunkuya na ɗauko. Raina bai yi daɗi ba, kuma har yanzu da nake wannan rubutu abin bai bar ni ba.

Girish ba shi da ƙashi irin namu, jikinsa guringuntsi ne. Amma gaɓoɓin bayansa suna taurare, kowacce kamar ƙananan ƙoƙuna biyu da aka haɗa gindi da gindi. In ka wanke guda ka ɗaga ta a haske, za ka ga zobba a jere kamar ka yanka albasa. Akwai zoben haihuwa, sauran kuma suna ƙaruwa ne yayin da kifin ke girma, shi ya sa masana suka daɗe suna ƙirga su don sanin shekaru. Sauran kifaye suna da wani ɗan dutse a cikin kunne da ake yin wannan aiki da shi. Girish ba shi da irinsa, sai ƙashin baya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da ke cikin zobban. Duk ruwan da kifin ya zauna a ciki yana barin alama. Sinadarai irin su sitirontiyam da bariyam da manganis suna shiga gaɓar tare da kalsiyam, su zauna a zoben wannan lokacin. Yawansu kuwa yana bin gishirin ruwan da zafinsa da abincin da kifin ya ci. Sai a yanka gaɓar siririya, a bi ta da hasken leza daga tsakiya zuwa baki, na'ura tana auna ƙurar da ke tashi. Tsakiyar ita ce ƙuruciya, bakin shi ne kwanakinsa na ƙarshe. In aka tara na jarirai daga wurare dabam-dabam aka san alamar kowane wuri, to ko babba aka kama a can nesa, ana iya gwada tsakiyar gaɓarsa a gane inda ya yi rarrafe. Hatta gwajin makaman nukiliya na shekarun 1950 da 1960 ya bar alamarsa a ƙashin nan, kuma da ita aka gano wani farin shak na Tekun Atilantika ya kai shekara 73.

To ina ruwanmu? Tun 2008 aka haramta kamun girish a Saudiyya. Amma masanan jami'ar kimiyya da fasaha ta KAUST da ke Suwal, kusa da Jidda, sun bi kasuwar kifi ta Jidda daga 2011 zuwa 2013, suka tarar ana ci gaba da kawo shi, akasari kuma ƙanana ne da ba su kai haihuwa ba. Wannan kifi ne da wasu nau'o'insa sai sun haura shekara 10 kafin su fara haihuwa. Wani nau'insa mai kai kamar guduma yakan ɗauki ciki wata 9 zuwa 12, kuma tun 2019 aka sa shi cikin masu dab da ƙarewa. Wanda ya cinye irin shuka, me zai kai gona in damina ta faɗi?

Ra'ayina shi ne dokar da ta ce "an hana" a kan dukan teku ba ta da ƙafar tsayawa. Bahar Maliya ta fi ƙarfin a sa mata mai gadi. Amma in an san cewa ga lungun da uwaye ke zuwa haihuwa, ga watannin da suke zuwa, sai a tsare wannan lungun a wannan lokacin, a bar masunci ya nemi abincinsa a sauran wurare. Masuncin da aka yi wa bayani haka zai fi sauraro fiye da wanda aka ce masa kawai ya naɗe komarsa.

Akwai kuma maganar tsallake. Tsakaninmu da Bur Sudan kusan kilomita 300 ne. A can, a yankunan teku na Sanganib da Dungunab da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2016, masu ninƙaya sun saba ganin masu kan guduma garke guda, alhali bincike ya nuna ɓangarenmu ya yi ƙaranci ƙwarai. In namu da nasu dangi ɗaya ne masu kai da komo, to abin da ake yankawa a nan yana rage na can. In kuma dabam suke, namu ba shi da mai cike masa gurbi idan ya ƙare. Kowacce amsa tana da irin matakin da ya dace da ita. 'Yan'uwanmu na Sudan suna cikin yaƙi tun Afrilun 2023, Allah Ya kawo musu sauƙi, ba su da sukunin wannan aiki yanzu, don haka nauyin ya fi hawa kan namu ɓangaren.

Aikin ba zai zo da sauƙi a tekunmu ba. Wannan hanya ta karanta ƙashi ta fi kaifi a inda kogi ke zuba cikin teku, ruwan daɗi ya gauraya da na gishiri. Bahar Maliya kuwa babu kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara da ke shiga cikinta. Gishirinta ya kai kusan giram 40 a lita, arewa ta fi kudu, domin ta mashigar Babul Mandab da ke kudu ruwan Tekun Adan ke shigowa. Bambancin akwai shi, amma siriri ne, sai an tara gaɓoɓi da yawa kafin ya fito fili.

Su wa ke da gaɓoɓin? Irin su Kawu. Ba sai an kashe ko kifi ɗaya don bincike ba, ga su nan kullum a kwando. A ba mai gyaran kifi leda da takarda, ya rubuta rana da tsawo da inda jirgin ya fito, a ba shi ɗan hasafi, a kuma tabbatar masa ba za a mai da shi mai laifi ba. In yana tsoron tara ko matsalar iƙama, wato takardar izinin zama, ba zai buɗe baki ba, kuma ba zan ga laifinsa ba.

A hanyarmu ta komawa na yi wa Kawu wannan bayani. Ya yi shiru har muka kusa gida, sannan ya ce shi ya san watannin da 'ya'yan ke yawa, ya san kuma daga wane ɓangare ake kawo su, amma a shekara 30 ba wanda ya taɓa tambayarsa. Ƙashin yana cikin firizarmu a ƙulle a leda, na rubuta kwanan wata a jiki.