Titin Wuju-Wuju: an rufe Jakara, dattin yana nan

Duk lokacin da maganar titin Wuju-Wuju, wanda aka shimfiɗa a kan kogin Jakara a birnin Kano, ta taso, yabo ɗaya ake ji, wai an rufe Jakara da kankare, an huta da wari da sauro. Wannan yabo ne yake damuna, domin masu yin sa suna kallon Jakara a matsayin lambatu kawai, sun manta cewa a bakin wannan ruwa Kano ta tsiro.

Tun zamanin Barbushe, kafin Musulunci ya kafu, mutanen Dala suna girmama kurmin da ya kewaye ruwan. A gefensa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, inda fatake daga Agadas da Gadamas suka riƙa sauke gishiri da tufafi, suna ɗaukar turkuɗi da jan fata. Baturen nan Kilafaton, da ya shigo Kano a 1824, ya tarar da fadama ce ta raba birnin gida biyu, kasuwa kuma tana tsakiya. Yau yaron da aka haifa a unguwar Jakara zai iya girma bai san akwai kogi a ƙarƙashin ƙafarsa ba.

Masu cewa ci gaba ba ya jiran tarihi su zo Minjibir su gani. Ruwan da aka ɓoye a birni nan yake ɓullowa, ya kwaso jinin mayanka da ledoji, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dattin masana'antun Bompai, sannan ya zube a madatsar Wasai. Da shi manoman rani suke ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo. Na ga manomi tsaye a cikinsa har gwiwa yana jan tiyon injinsa, ruwan baƙi ƙirin, kumfa tana manne masa a ƙwauri. Gobe da asuba wannan ganye zai koma kasuwannin birni, masu yabon su saya su ci.

Ba na ƙin titi, mu ma ƙauyawa da shi muke kai amfanin gona. Amma gwamnatin da ta iya shimfiɗa kankare a kan kogi ta iya tilasta wa masana'antu su tace ruwansu kafin su sake shi, ta kuma kafa alluna a Kurmi da Jakara masu bayyana tarihin wurin, tun dattawan da suka san ruwan a buɗe suna raye.