Injin da ya yi zafi a tsakiyar ƙanƙara

Duk wanda na ba wa labarin nan a gida sai ya ce Kanada ta koya mini ƙarya. Wai ta yaya inji zai yi zafi a garin da sanyi ke kaiwa digiri 25 ƙasa da sifili? Yayana da ke kanikanci a Kano cewa ya yi: "Kai dai ka nemi tofi, wannan ba aikin sifana ba ne."

Babur ɗin ƙanƙara na saya na hannu a Winifeg, jihar Manitoba, saboda maƙwabcina, wani dattijo Bature da ya yi ritaya, ya dame ni da zancen kamun kifi a Tafkin Winifeg. Idan hunturu ya kankama tafkin daskarewa yake yi har motoci su hau, mutane su huda rami su zura ƙugiya. Na ce ni da na yi acaɓa a Kano kafin a hana a 2013, wane babur ne zai gagare ni? Na samu wani mai araha, mai dogon bel da manyan haƙora (irin wannan babur a kan bel yake tafiya maimakon taya). Ashe na hawan dutse ne, inda dusar ƙanƙara ke kai wa mutum ƙugu. Manitoba kuwa shimfiɗe take, tsayawa kan kujera ma sai ka hango gari na gaba.

Muka tashi daga Gimli, wani gari a bakin tafkin. Iska ta share dusar kan tafkin tas, sai ƙanƙara mai ƙyalli. Ban yi nisa ba jar fitila ta kama, inji ya rage ƙarfi da kansa, wani wari na ƙonanniyar roba ya biyo ni har cikin hular kwano. Na tsaya. Gemuna ya daskare, majina ta daskare, yatsuna ba na jin su, amma injin huci yake yi.

Dattijon ya juyo, ya dube ni, ya dubi babur ɗin, bai ce uffan ba. Ya samo wani ɗan tudun dusa a gefe ya fara shuro ta da ƙafa ƙarƙashin kujerata. Ni ma na shiga, mu biyu muna ta harbin ƙanƙara. Sai da fitilar ta mutu ya yi mini bayani.

Irin wannan babur ɗin ba shi da lagireto mai fanka a gaba irin na mota. Ruwan injin yana bi ta wasu faranta na alminiyom da ke ƙarƙashin kujera, saman bel. Bel ɗin ne ke watso dusa a kansu, ita ke sanyaya ruwan. In babu dusa, babu sanyi, ko da kai da ke kai kana karkarwa. Warin kuma na wasu dogayen robobi ne da bel ke gogawa a jikinsu, dusar ce man shafawarsu. In ta ƙare sai su fara narkewa. Maganin, in ji shi, ƙarafan karta: a ɗaura su gefe da gefe, su riƙa kartar ƙanƙara suna feso garinta cikin bel.

Ranar Asabar na ja Maman Amira muka tafi shago. Mai shagon ya ajiye mini iri biyu a kan kanta. Na farko ƙarfe ne mai sifirin, mai taurin kai, yana danna ƙasa da ƙarfi, yana tayar da gari sosai, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Aibinsa ɗaya: bai san baya ba. Ka sa ribas yana ƙasa, ko ya lanƙwashe ko ya karye, dole ka sauka ka rataye shi tukuna. Na biyu igiyar waya ce mai kan ƙarfe mai tauri, tana lanƙwasa duk inda ka juya, gaba ko baya, sai dai ba ta danna ƙasa kamar wancan, kuma ta fi tsada.

Na tambaye shi wanne ya fi. Ya ce: "Ya danganta. Kana da mantuwa?"

Na ce ko kaɗan. Maman Amira ta yi tari.

"Baban Amira," ta ce da Hausa, muryarta ƙasa-ƙasa, "jiya fa da makullin mota a hannunka kake neman makullin mota."

Na ce wannan daban, wancan daban. Mai sifirin na ɗauka, don a ganina shi ya fi kama da kayan maza. Kuma gaskiya ya yi aiki. Muka koma tafkin, ina tafe gari na tashi fari fat ta gefe biyu, allurar zafi ko motsi ba ta yi, har na fara raina kamfanin Bombardier da ya fito da irin wannan babur a jihar Kebek ta Kanada a 1959 bai haɗa da ƙarafan nan ba tun farko.

Muka isa wurin kamun kifi. Na ɗan wuce tantin dattijon da taku kaɗan. Taku kaɗan fa, da ƙafa ma zan iya dawowa. Sai ɗabi'ar acaɓa ta motsa, ta ajiye fasinja daidai bakin ƙofa. Na danna ribas.

Ƙas!

Ƙarfen kartar dama ya tsinke ya yi tsalle, ya zame a kan ƙanƙara yana juyi, ya nufi ramin wani bawan Allah da ke zaune kan bokiti, ya faɗa ciki, tsulum. Mutumin ya leƙa ramin, ya ɗago ya dube ni, ya ce wannan ne abu na farko da ya shiga ramin nan tun safe. Na hagu kuwa ya lanƙwashe ya kalli sama.

Da na koma shagon, ni kaɗai wannan karon, ban kai ga buɗe baki ba mai shagon ya ɗauko mai igiyar waya ya ajiye a kanta, ya ce in gaishe da madam. Rasit ɗin yana cikin akwatin sifanu a gareji, inda Maman Amira ba ta shiga. Yayana kuma har yau in mun yi waya sai ya tambaya ko an yi tofin.