Mun tambayi likita ina aka dosa, ya ce mu ɗauki mara lafiyarmu

Raina a ɓace yake da yadda wasu likitocin ciwon daji ke ɗaukar tambayar mai jinya a matsayin raini. Mahaifiyarmu ta haura shekara 70, sankarar mama ke damunta. An cire nonon, an yi mata kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji da ake ɗaurawa ta jijiya, duk bayan mako uku, ba mu taɓa saɓa ranar asibiti ba, har gonar gado muka sayar. Yanzu hoto ya nuna ciwon ya kai ƙashi da hanta, sai aka ce za a canza mata wani kemon, mu je mu kawo kuɗi.

Wanda bai ga abin da na farkon ya yi mata ba ba zai gane ba. Bakinta ya yi gyambo, ko kunu ba ta iya haɗiyewa. Faratanta sun yi baƙi. Jini ya riƙa yin ƙasa, mu bi 'yan uwa gida-gida muna neman mai ba ta. Matar da ba ta wasa da tsayuwar dare ta koma salla a kwance. Da bakinta ta ce mini, "Ku bar ni haka, ku nemo mini abin da zai rage zafin nan."

Shi ne na tambaya cikin ladabi: "Likita, wannan sabon maganin warkar da ita zai yi, ko rage wa ciwon gudu kawai?" Ko ɗago kai bai yi ba. "Kai ne likita ko ni? In ba ku yarda ba ku sa hannu ku ɗauke ta." Ya juya yana turanci da abokin aikinsa a kanta, tana kwance tana kallonsu, kamar buhu ake ciniki. Wallahi wannan ya fi kuɗin da muka kashe ciwo.

Mun san rai a hannun Allah yake, ba alƙawarin kwana muka nema ba. Amma ilimin da ya nuna musu ciwon ya kai hanta, shi ne ya sanar da su cewa a wannan mataki yawanci ba a maganar warkewa, sai sassauci. Me ya hana a faɗa mata da Hausa ta zaɓa? Jikinta ne, hankalinta ƙalau.

Na san suna cikin matsi. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta nuna sama da mutum 120,000 ke kamuwa da ciwon daji a Najeriya a shekara, ga likitoci na tafiya Saudiyya da Ingila. Amma cunkoso bai hana a gaya mana akwai asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa masu sankarar mama ba. A bakin wata mai jinya muka ji, a kan benci. Kuma cunkoso bai sa mofin, maganin zafi mai ƙarfi da ke cikin jerin magunguna na dole na Hukumar Lafiya ta Duniya, ya zama abin da sai mun yi roƙo a rubuta, mu je ɗakin magani a ce ya ƙare.

Har gori aka yi mana wai wurin masu maganin gargajiya za mu kai ta. Ba mu da niyya. Amma su sani, irin wannan korar ce ke tura mutane can, domin mai saiwa zai shimfiɗa maka tabarma ya saurare ka, ko da ƙarya zai yi maka.

Ba za a sake ɗaura wa Umma kemo ba sai babban likitan sashen ya zauna da ita, ya faɗa mata amfanin da ake sa rai da wahalar da za ta sha, ya kuma rubuta mata maganin zafin da zai bar ta ta yi barci. In ta ji ta ce a ci gaba, ni zan fara nemo kuɗin.