Ba abin kunya ba ne uba ya zauna kallo da 'ya'yansa

Tun jiya nake dannewa, amma maganar ta ƙi barin raina. Ga abin da wani ya rubuto mini a ƙarƙashin hoton da na saka na daren Juma'a, ina kallon fim da 'ya'yana. Wai magidanci da furfura a gemu ya baje a tabarma yana kallon fim ɗin yara. Wai in miƙa musu waya su shige ɗaki su kalli abinsu, ni kuma in yi harkar manya. Da shi kaɗai ne da ban tanka ba. Abin da ya ci mini rai shi ne yawan waɗanda suka mara masa baya suna cewa gaskiya ya faɗa, kuma akasarinsu iyaye ne, na san su, na san 'ya'yansu.

To ku saurare ni. Fim ɗin da kai uba ba za ka iya zama ka kalla ba, kada ka bar ɗanka da shi. Ka zauna ku kalla tare. Iyakar maganata ke nan, kuma zan yi ta nanata ta har wanda zai gaji ya gaji.

Wanda muka kalla a daren ma ba katun ba ne, mai maganar ko tambaya bai yi ba. Fim ne na ƙasar Iran, Children of Heaven, wanda Majid Majidi ya shirya a 1997. Yaro ne mai suna Ali a wata unguwar talakawa a Tehran, aka aike shi ya karɓo takalmin ƙanwarsa Zahra daga wajen mai gyara, takalmin ya ɓace a hanya. Sun san babansu ba shi da kuɗin sayen wani, mahaifiyarsu kuma tana fama da rashin lafiya, sai suka ɓoye maganar. A littafin makaranta suke rubuta wa juna saƙo, iyayen na zaune a gefensu ba su sani ba. Suka koma amfani da takalmi ɗaya: ita ta sa ta je makarantar safe, ta taso da gudu, su haɗu a lungu ta cire masa, shi kuma ya kwasa a guje don kada ya makara. Babu bindiga, babu rawa, babu abin da zai sa ka lalubi rimot da sauri don kunya. Takalmi ƙafa biyu ne kawai ya riƙe fim ɗin daga farko har ƙarshe.

Da Farisanci suke magana, don haka ni ne tafinta, ina karanta rubutun ƙasa ina mayar musu da Hausa. Da aka zo inda takalmin ya suɓuce wa Zahra ya faɗa kwata ruwa yana tafiya da shi, 'yata mai shekara 8 ta miƙe tsaye ba ta sani ba, ta riƙe mini kafaɗa tana cewa, "Abba, zai tafi, Abba, zai tafi!" Yayanta kuwa, wanda da yamma suka yi faɗa a kan fensir, ya yi tsit. Sai a wajen gasar gudun ya buɗe baki. Ali ya shiga gasar ne yana neman ya zo na uku, don kyautar na uku ce ke da takalmi a ciki, sai ga shi ya zo na ɗaya. Ana ɗaga shi ana ɗaukar hoto, shi kuwa idonsa cike da hawaye. Yaron nan nawa ya juyo ya ce, "Abba, ai shi bai ci ba ke nan." Ɗan shekara 11 ya gane cewa mutum zai iya zuwa na ɗaya ya koma gida da baƙin ciki. Ku gaya mini, da yana ɗaki shi kaɗai da waya, wa zai juya ya faɗa wa wannan?

Ni kuma wani wuri daban ne ya kama ni, wanda yaran ko a jikinsu. Uban yana zaune yana farfasa sukarin masallaci, tuli guda a gabansa, aka kawo masa shayi, ya ce a ɗebo masa sukari daga na gida, wannan amana ce. Talaka ne da ake bin sa kuɗin haya. Na kalli maiɗakina, ta kalle ni, ba wanda ya ce uffan. Abin da nake nufi da fim ɗin iyali ke nan: yaro ya samu rabonsa, babba ya samu nasa, a zama ɗaya, a kan tabarma ɗaya.

Wasu sun ce ba su da lokaci. Ban karɓi wannan ba. Fim ɗin awa ɗaya da rabi ne, daidai da tsawon wasan ƙwallo ɗaya, kuma na san inda kuke kwana biyu a mako idan ana buga gasar Turai. Wasu sun ce ai katun ba ya cutarwa, a bar yaro da shi. Wannan ma ya fi ba ni tsoro. Katun hanyar yin fim ce kawai, akwai waɗanda don manya zalla aka zana su, da ashar da zubar da jini da abin da baki ba zai faɗa ba. A YouTube kuma bidiyo na ƙarewa wani ke ɗorawa da kansa. Ka kunna masa waƙar koyon ƙirga, ka dawo bayan awa guda, ba ka san ina ya kai ba. Su kansu Amurkawa da ke yin finafinan nan suna manna musu alama, G ko PG, kuma a 1984 sai da suka ƙaro PG-13 saboda iyaye sun koka cewa wasu finafinan sun fi ƙarfin ƙananan yara. Harafin PG kansa ma'anarsa iyaye su sa ido. Masu fim ɗin sun ce ka zauna, kai ka ce zaman kunya ne.

Masu cewa aikin hukuma ne kuma, Hukumar Tace Finafinai ta Kano tana nan tun 2001, amma ba ta da ma'aikacin da zai shigo falonka bayan Isha'i ya duba abin da ke cikin wayar da ka miƙa wa ɗanka. Kai ne mai tace gidanka. Ka zauna.

Ko katun ɗin ne ma, me ye laifinsa? The Lion King ya fito a 1994, da yawanku kun kalle shi a kaset kuna yara. Ku sake kallonsa yanzu da kuka haifa, ku ga yadda wurin da ɗan zakin ke taɓa gawar ubansa yana roƙon ya tashi zai zame muku wani abu daban. A nan ne 'yata ta fara yi mini tambaya a kan mutuwa. Na tsayar da fim ɗin, muka yi maganar kakanta, muka yi masa addu'a, sannan muka ci gaba. Tambayar nan dole wata rana ta yi ta. Na gode Allah da ta yi ta ina kusa, ba ta kwana da ita a ciki ba. Kuma ba duk abin da ke cikin finafinan waje na yarda da shi ba, akwai wuraren da nake cewa, "Wannan al'adarsu ce, mu ba haka muke ba." Wanda ba ya wurin ba shi da bakin faɗar haka.

Wannan rabuwar da muke yi, yara a ɗaki manya a falo kowa da allonsa, baƙuwar ɗabi'a ce a wurinmu. Da ake cewa "ga ta nan ga ta nanku", ba yara kaɗai ke amsa "ta zo mu ji ta" ba. Matan gida na tsinkar zogale suna saurare, wani kawun ma yana daga bakin zaure yana murmushin wayon Gizo, don shi ya san irin mutanen da ake nufi.

Af, tun da maganar ta kawo nan, ina da kuka ga masu fassara mana finafinan Indiya. Allah ya ba ku baiwa, muryoyinku sun shiga kowane gida. Don Allah ku riƙa waiwayar irin waɗannan finafinan. The Lion King tun shekarar da ya fito aka mayar da shi harshen Zulu, mu kuwa da yawanmu ya kai haka ina nan ina tafinta har maƙogwarona ya bushe. Ku kuma matasa masu zane a kwamfuta, ga tatsuniyar Takitse nan tana jiran ku. Hajiyarmu har yau idan jikoki suka taru tana ba su ita, kuma duk sanda ta kai inda kishiyoyi suka tura yarinyar bakin wuta ta fara narkewa, sai ta rage murya ƙasa ƙasa, har mu manya mu matso kusa don mu ji.