Makaho ma yana da takardar da ba ya so a karanta masa

Akwai wani dattijo a unguwarmu a nan Jos, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda hawan jinin ido ya tafi da ganinsa bayan ya yi ritaya. Wata rana bayan sallar La'asar ya kira ni a ƙofar masallaci, ya zaro takarda daga aljihun gaba ya ce, "Ɗana, duba mini abin da likita ya rubuta." Na karɓa na hau karantawa da ƙarfi, ga mutane zaune a benci. Sai da na kai tsakiya na gane abin da ke ciki ba na bainar jama'a ba ne. Na yi shiru. Ya miƙo hannu ya karɓi takardarsa, ya ce, "Ba komai, Allah ya yi maka albarka." Na ce, "Baba, ka yafe ni." Ya yafe, amma har yau abin yana ci mini rai. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana karanta fayil a ofis, yau takardar lafiyar jikinsa ma sai wani ya riga shi sanin abin da ke ciki.

Tun daga ranar nake tunanin wata na'ura da ake kira Optacon. Wani farfesan injiniyan lantarki a Jami'ar Stanford ta Amurka, John Linvill, shi ya faro ta a shekarun 1960 saboda 'yarsa da ta makance tana ƙarama, ya yi aikin tare da James Bliss. Kamfanin Telesensory ya fara sayar da ita a 1971. Girmanta kamar ƙaramar rikoda ce ta zamanin kaset. Mai karatu yana riƙe 'yar kyamara da hannu ɗaya yana jan ta a kan layin rubutu, ya ɗora manunin ɗaya hannun a kan wani ɗan faranti mai ƙananan allurai 144, jere 24 a tsaye, 6 a kwance. Duk inda kyamarar ta ga baƙin tawada, alluran da ke daidai wurin sai su yi rawa. Idan ta bi ta kan harafin O, da'ira ce za ta ratsa ƙarƙashin yatsa. Idan T ne, zai ji sanda da hularta.

Abin da ya fi burge ni shi ne na'urar ba ta san harafi ko ɗaya ba. Siffar abin da ke kan takarda kawai take kai wa yatsa, ƙwaƙwalwar mutum ce ke yin karatun. Saboda haka ba ruwanta da ko Turanci ne ko Hausa, ko boko ne ko ajami. Lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, wadda ita ce ke raba ƙafa da kafa, za ta iso yatsa yadda take a takarda. Haka lambobin rasit, haka tambarin ofis, haka wurin da aka bari don sa hannu.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Karatu da ita yana da nawa. Sai mutum ya yi makonni ana koya masa, ya ƙara watanni yana bita, kuma ko ya gwanance da wuya ya kamo saurin gwanin birel, wato rubutun ɗigo shida da Louis Braille ya ƙirƙiro a Faransa. Tana da tsada, dubban daloli. Kamfanin ma ya daina ƙera ta a 1996, lokacin da na'urorin da ke ɗaukar hoton shafi su karanta shi da murya suka fara cin kasuwa. Yau kuwa wayar hannu mai manhaja irin su Lookout ko Seeing AI tana karanta wa mutum takarda cikin daƙiƙoƙi. To me ya kawo maganar tsohuwar na'ura?

Sauraro daban, karatu daban. Wanda ake karanta wa, ko mutum ne ke karanta masa ko waya, yana karɓar abin da aka ba shi ne. Idan manhaja ta ɗauki 8 ta ce 3 ne a takardar magani, ba shi da hanyar komawa ya taɓa lambar da kansa. Ga kuma maganar harshe: ba a gina waɗannan manhajoji domin Hausa ba, balle ajamin da malamai da 'yan kasuwarmu ke rubuta bashi da wasiƙa da shi. Sannan yaron da ya tashi da kunne kaɗai yakan girma bai san yadda ake harhaɗa kalma ba, bai san yadda takardar neman aiki take zama a shafi ba. Wannan ne ya sa har yau akwai makafi a ƙasashen waje da ke riƙe da tsofaffin Optacon ɗinsu, suna neman mai gyara, kusan shekara talatin bayan an daina yin ta. Ba wanda zai yi wannan wahalar a kan abin da waya ta riga ta maye gurbinsa.

Ba cewa nake gwamnati ta je ta kwaso tsofaffin na'urori daga Amurka ba, kuma ba na so a taɓa matsayin birel. Birel shi ne tushe, kowane yaro mai larurar gani ya fara da shi. Sai dai duniyar da zai fita ya shiga ba da birel aka rubuta ta ba. Takardar haya, sakamakon asibiti, sammacin kotu, kwalin magani, duk da tawada suke zuwa. Wanda ya makance da girma irin dattijon unguwarmu ma ya riga ya san siffar kowane harafi, yatsarsa ce kawai ba a koya wa ba.

Filato ce ta fi cancanta ta fara wannan magana. A Gindiri aka buɗe makarantar makafi tun 1953, ta farko a Najeriya. Jami'ar Jos tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman da ya daɗe yana yaye malamai, tana kuma da tsangayar injiniya. Kyamarar da ta zama abin al'ajabi a 1971, yau wadda ta fi ta tana cikin wayar kowane ɗan acaɓa. Abin da ya rage mai wuya shi ne farantin alluran, kuma wannan aiki ne da ya dace ɗaliban injiniya da malaman makafi su zauna a kansa tare, da makafin kansu a teburin tun ranar farko, domin su ne za su ce wannan rawar allurar tana gajiyar da yatsa ko ba ta yi. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta kafa hukuma ta ƙasa a Abuja. Irin wannan bincike yana cikin abin da ya kamata hukumar ta nema wa kuɗi, kada aikinta ya tsaya a rabon sanduna.

Kafin a kai can, akwai abin da ba ya buƙatar ko na'ura ɗaya. A koya wa yara makafi siffar haruffan boko da lambobi ta hanyar taɓawa, da haruffan katako ko na roba da kafintocin kasuwar Katako da ke Jos za su iya yankawa, tare da birel ɗinsu. Yaron da ya san siffar harafi zai iya sa hannu da sunansa maimakon dangwala yatsa, zai iya shafa lambar da aka tono a jikin ƙofa ya san ɗakin da yake nema. Ranar da na'urar ta samu kuma, rabin karatun ya riga ya yi.

Dattijon nan har yanzu yakan kira ni idan takarda ta zo. Yanzu sai mun shiga zaure, na tura ƙofa, na rage murya, sannan nake buɗe ta.