Ina kaset ɗin asali na Samanja?

Wani mai ba da labari ya ce tsofaffin wasannin barkwanci irin su Samanja sun dawo a faifan DVD, amma bai faɗi inda aka kwafo su ba. Irin wanda ake samu a kasuwar Alaba da unguwar Agege a Legas da alama daga kaset ɗin VHS ne da wani ya naɗa a gida, shi ya sa hoton ke rawa, murya ta riga baki. Faifai mai gigabait 4.7 awa biyu ya kamata ya ɗauka, in aka cusa masa awa shida dole fuskar Usman Baba Pategi, wanda ya fito a matsayin Samanja, ta dushe. Na asalin kan manyan kaset irin U-matic da Betacam ake naɗar su, wasu ma an goge an ɗora wani shirin. Wanda ya zauna cikin damshi irin na Legas fumfuna ke cinsa, zaren ya yi danƙo. Sai an gasa shi a zafin wajen digiri 50 na Salsiyas kafin a kunna, in ba haka ba ya ɓare ya toshe kan na'ura. Duk mai cewa YouTube ya wadatar, ai guntaye ne a can. Shin NTA, tashar talabijin da ta nuna Samanja, ta ƙirga kaset nawa suka rage mata?